Amsar da Ta Fita Daga Allo

Ɗan ƙanena, wanda yanzu shagon mahaifinmu na unguwar Ridina yake hannunsa, ya sauke tsohon sikelin rataye ya sayar wa masu sayen ƙarfe, ya kawo wani faranti mai batir da ke nuna lamba da jan haske. Ban ce masa komai ba, domin shagon nasa ne yanzu, kuma na san farantin ya fi sikelinmu gaskiya. Amma da na leƙa bayan sallar Juma'a na ga ana ɗora buhun dabino a kai shiru, babu ƙarar sarƙa, babu nishin masu ɗagawa, babu mai saye da ke ɗage yana leƙen sanda yana cewa a ƙara turawa kaɗan, sai raina ya sosu. Na dawo gida na kasa cin abinci sosai. Maiɗakina ta ce tsufa ne ya fara, tunda har ƙarfe ya soma ba ni tausayi. Ba ƙarfen nake tausayi ba. Sikelin nan ya kusa raba ni da makaranta, kuma tunda aka sauke shi nake tuna yadda abin ya faru.

Kakanmu ya shigo garin nan da jakuna tun zamanin Turawa, ya sauke kaya bai sake ɗauka ba. A gida Hausa muke yi, da mun taka bakin ƙofa sai Larabci, a makaranta kuma Faransanci, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana inda za mu sauya. Da an sallame asuba za ka ji kekunan masu ɗauko sukari da sabulu daga Kusuri, garin da ke ƙetaren kogi, sun tsallako gadar Ngueli suna kuka saboda nauyi, ka ji mai amalanke yana zagin dokinsa, ka ji turmi daga gidan maƙwabta, da ƙarar kofunan shayi ana wanke su a bakin titi. Kowace ƙara ka san mai ita. Ko ido a rufe za ka iya cewa wane ne ya wuce, wance ce ta fara daka. Yanzu idan na tsaya a layinmu babu abin da nake ji sai babura da injinan wuta, kuma yaran gidanmu idan ka yi musu Hausa da Larabci suke amsa maka, suna murmushi don kada ka ji haushi.

Kanwa da dabino muke sayarwa, kuma aikina bayan an taso daga makaranta shi ne sikeli. Doguwar sandar ƙarfe ce, a kai ɗaya akwai ƙugiyar da ake rataye buhu, dab da ƙugiyar akwai zoben da aka ɗaure a azarar rufi, sauran tsawon sandar kuma wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne ake turawa a kai har sandar ta tsaya miƙe. Tun ban kai tsawon buhu ba na san cewa inda sandar take rataye, inda komai ke tsayawa cak, yana kusa da buhu mai nauyi, ɗan dunƙulen kuwa can nesa yake. Haka yake a wajen ɗebo ruwa ma. Idan na ɗauko babbar jarka a gaba da ƙaramin bokiti a baya a kan sanda ɗaya, sandar ta fara rinjayata, Baba ba ya tashi daga inda yake zaune. Cewa kawai yake in matsa kafaɗa wajen mai nauyi. Na ji maganar nan har ta daina shiga ta kunne, ta koma cikin hannuna da kafaɗata.

A lise, wato babbar sakandaren da ake karatu da Faransanci, malaminmu na fizik wani dogon mutum ne daga kudancin ƙasar, mai zuwa a keke da ƙafar wando a naɗe, alli har a gashin girarsa. Shekarun nan malamai sun sha yajin aiki, wani lokaci mu yi watanni muna zaune. Shi kuwa ko ana yajin yakan aiko a ce mana mu same shi ƙarƙashin dogon yaro a bayan makaranta, ya ce shi ba koyarwa yake ba, hira yake da 'ya'yan maƙwabta. A ajinsa ba a yin wani yare sai Faransanci, wanda ya kuskura ya yi Larabci sai ya tsaya a tsaye har a tashi. Ranar da ya fara mana darasin caji, biro ya karɓa daga hannun wata yarinya, ya goga a gashin kansa, ya kai kusa da yagaggun takardu, suka yi tsalle suka manne. Lokacin zafi ne, iska a bushe, abin ya kama sosai. Makon nan duk wanda ka gani a filin makaranta yana goga biro a ka, har masu ƙwal-kwabo suna aron gashin abokansu.

Bayan wasa sai lissafi ya zo. Ya ce abu biyu masu caji iri ɗaya turin juna suke, masu caji daban kuma jan juna suke, ɗaya ana sa masa alamar plus, ɗaya alamar mwan, wato ta ɗebewa. Ƙarfin turin ko jan kuwa akwai dokarsa, ta wani Bafaranshe da ya mutu tun kafin kakanmu ya ɗaura wa jaki kaya: ka ninka cajin wannan da na wancan, ka raba da tazarar da ke tsakaninsu sau kanta. Idan tazara ta ninku biyu, ƙarfi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Na so darasin nan so na gaske. Ni da abokina, wani ɗan unguwar Milezi mai surutun tsiya wanda mahaifinsa direba ne, muka fasa tsofaffin batiran tocila, muka kwaɓa baƙin cikinsu da ƙaro, muka shafe bangon zaurenmu ya zama allo. Guntayen allin da malamai suka yar muke tsinta. Littafin tambayoyi ɗaya gare mu, shi ma na aro, ya rasa bango da shafukan farko, yana kwana a Ridina yau gobe ya kwana a Milezi. Jikata yanzu idan tambaya ta gagare ta, hotonta take ɗauka da waya, kafin ta ajiye cokali amsa ta fito. Ban ce laifi ba ne, amma ba ta san daɗin tsayawa a gaban bango da la'asar, gumi na zuba, kana faɗa da abu ɗaya har ya sallama ba.

Duk tambayoyin ina yin su, sai guda ɗaya. Za a ajiye caji biyu iri ɗaya a kan layi, ɗaya ya ninka ɗaya sau huɗu, a ce ina za a ajiye wani ɗan caji na uku ya zauna lafiya, turin wannan da na wancan su kashe juna. Lissafin ba ya ba ni wahala. Yakan fito da amsa biyu, ɗaya a tsakanin cajin biyu, ɗaya can waje bayan ƙaramin. Ta wajen kowa ya san jefar da ita ake yi, haka littafi ya nuna. Ta tsakiyar kuma kullum sai ta faɗo kusa da ƙaramin caji. Nan ne hannuna yake ƙi. Wurin da abu ke tsayawa daidai a kusa da ƙarami? Sai in ce lallai na juya wani abu a hanya, in goge layin ƙarshe, in mayar da alamar kusa da babban. Ban taɓa jin ina kuskure ba, ji nake ina gyara kuskure. Abokina ya yi ta yi mini dariya, ya ce ni kaɗai ne mutumin da ke dafa abinci ya nuna sannan ya zubar. Shi bai san dalili ba, haddace amsar ya yi. Da na tambaye shi me ya sa ba kusa da babban ba, sai ya ce in je in tambayi Bafaranshen.

A ƙarshen shekarar nan ake raba ɗalibai, wasu ajin kimiyya, wasu ajin adabi, kuma maganar malamin fizik ita ce mai nauyi a rabon. Baba bai yi boko ba, amma ya san wannan, domin ya tambayi wani maƙwabcinmu ma'aikacin ofis. Wata rana muna rufe shago ya kira ni, ya ce in zauna. Yayansa, wanda muke kira Baffa, shi ke zuwa Faya, can arewa cikin sahara, kowace shekara sayen dabino, tafiyar watanni a bayan babbar mota, kuma ya daɗe yana cewa ƙafafunsa sun gaji, yana son yaro daga gidanmu ya koyi hanya ya karɓe shi. Wanda ya fara tafiyar nan ba ya komawa aji, kowa ya sani.

"Na bincika," in ji Baba. "An ce ajin adabi ajin magana ne. Magana kuwa ga ta nan a kasuwa, ba sai ka sa wando ka je lise ba. In sun ɗauke ka a na kimiyya, ka ci gaba, wataƙila kai ne za ka kawo mana wutar da ba ta zuwa. In ba su ɗauke ka ba, kalas, shi ke nan, ka bi Baffanka."

Na ce to. Ba a ce wa Baba komai bayan to.

Jarrabawa biyu tambayar nan ta fito, sau biyu na yi abin da na saba. A ta biyun malam ya rubuta da jan biro a gefen takardata cewa na yi lissafi daidai sannan na kashe shi da hannuna. Makina ya tsaya a bakin iyaka, ba ciki ba waje ba. Sai ya sanar cewa mu da muke kan iyaka zai fito da mu gaban allo ɗaya bayan ɗaya kafin a rufe makaranta, abin da ya gani ranar shi zai kai wa masu rabo. Na dawo gida na tarar Baffa ya fara tara sukari da ganyen shayi da yadi a zaure, kayan da zai kai arewa, har buhunan sun rufe rabin allonmu. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Ba sahara nake tsoro ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na ɗanɗana wani abu a gaban bangon nan da ban taɓa ɗanɗana ba, kuma za a raba ni da shi saboda wata alama da na kasa yarda in ajiye inda lissafi ya ce.

Kakata ta wajen uba, Iya, tana da wata 'yar rediyo da take jin labarai da Hausa kowace la'asar, a tabarma a bakin ɗakinta, eriya ɗaure da zare. A shekarar wani saurayi ya buɗe shagon kasat a kusurwar layinmu, ya fito da lasifika mai girman akwatin aure yana sakin kiɗan Sudan da na Kongo tun hantsi. Ran nan ina zaune kusa da ita ina kallon takardata mai jan biro, ta zungure ni da mafici.

"Kai maigidan banza, kana zaune ana hana matarka jin duniya? Tashi ka ce wa ɗan nan ya rage, ko in zo da kaina."

Na tashi ina jan ƙafa. A kan tabarma muryar rediyo ce a sama, kiɗan yana can baya. Ban kai ko tsakiyar tsakar gida ba sai na ji sun yi kunnen doki, ba na iya raba maganar mai labarai da ganga. Na ƙara gaba kaɗan, rediyo ta ɓace ɗungum, ga shi shagon kasat yana can nesa, sai na fita zaure na bi layi kafin in kai. Na tsaya. Na dawo da baya, rediyo ta dawo. Na sake yin gaba, ta sake nutsewa. Wurin da suka yi daidai yana nan dab da 'yar rediyon Iya, ba kusa da babbar lasifika ba. Sai abin ya buɗe mini gaba ɗaya. A sikeli, nisa ƙarfi yake ƙara wa abu, shi ya sa ɗan dunƙule idan ya yi nisa yake ɗaga buhu. A nan kuwa nisa cin ƙarfi yake. In kana son ƙarami ya yi daidai da babba, dole ka matso kusa da ƙaramin ka guje wa babban. Lissafina bai taɓa yin kuskure ba. Ni ne nake ɗaukar dokar shago in kai ta inda ba ta aiki.

Iya tana kallona ina gaba ina baya a tsakar gida, baki buɗe. Ta kira mahaifiyata ta ce ta zo ta ga ɗanta, boko ya taɓa shi. Ni kuwa zaure na nufa da gudu, na ture buhun sukari, na zana caji biyu a ɗan wurin da ya rage, na yi tambayar daga farko, na ajiye alamar kusa da ƙaramin, kuma a karon farko hannuna bai yi gardama ba. Na sauya lambobi na sake, na sake. Saƙon mai kasat ban kai ba har rana ta faɗi, kuma Iya ta riƙe wannan a kaina har ƙarshen rayuwarta, duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labarin mijin da aka aika ya tsaya rawa a tsakar gida.

Ranar fita gaban allo ajin ya cika, har waɗanda ba abin da ya shafe su sun zo kallo. Zafi ake yi mai nauyi, hadari ya haɗu ya ƙi zuba. Na shirya wa tambayata tsaf, ina ma addu'a ita za a ba ni. Malam ya ɗauki alli ya zana babban caji mai plus wajen dama da tsakiyar allo, ya zana ƙarami a can ƙarshen allon na dama, dab da katakon gefe, ya ce babban ya ninka ƙaramin sau huɗu. Sannan ya sa wa ƙaramin alamar mwan. Caji daban-daban, ba mu taɓa yin irinta ba, shafukan da ke da ita suna cikin waɗanda suka ɓace daga littafinmu. Mutum biyu suka riga ni fita. Dukansu suka yi lissafi, amsa biyun nan da muka saba suka fito, suka jefar da ta waje yadda aka koya mana, suka sa alama a tsakiya. Malam bai ce daidai ba, bai ce kuskure ba. Gogewa kawai yake yi, ya bar cajin biyu, ya kira na gaba.

Da aka kira ni, allin yana zamewa a hannuna saboda gumi. Na yi lissafin, amsa biyu suka fito, ɗaya a tsakiya, ɗaya a waje. Kafin in soke ta wajen sai na ce bari in tsaya a wurin ɗan cajin nan na uku, mai plus, in ji abin da zai ji, yadda na tsaya a tsakar gidanmu. A tsakiya, babban yana tura shi dama, ƙaramin yana jan shi dama. Duk gefe ɗaya suke kai shi, ba zai taɓa zama ba. A bayan babban kuwa, babban ne kusa kuma shi ne mai ƙarfi, babu mai tare shi. Saura bayan ƙaramin. A can ƙaramin yana jawo shi baya, babban yana tura shi gaba, kuma babban ya yi nisa, nisan ya ci ƙarfinsa. Idan ya ninka sau huɗu, to a tazara ninki biyu ya koma daidai da ƙaramin. Amsar da muka yi shekara muna jefarwa ita ce amsar yau. Na soke ta tsakiyar.

Sai kuma matsala ta biyu. Bayan ƙaramin caji babu allo, sai bango, kuma rubutu a bangon aji laifi ne da ake kai mutum ofishin mai horo a kansa. Na dubi malam, fuskarsa ba ta ce komai ba. Na auna tazarar cajin biyu da tafin hannuna yadda ake auna yadi, na ɗora hannu a kan ƙaramin na ci gaba da aunawa, na tsallake katakon gefe, na bi bango, na dasa alli na yi alama babba a kan fentin. Aji ya fashe da dariya. Ina jin muryar abokina ɗan Milezi a baya yana cewa yau kam ɗan Ridina ya gama haukacewa. Malam ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Wa ya ba ka izinin fita daga allona?"

"Mesye, amsar ce ta fita. Ni binta na yi."

Ya ce in bayyana. Na fara da Faransanci, na kawo dokar, na kawo tazarar. Da na zo kan dalilin da ya sa dole wurin ya kasance kusa da ƙaramin, Faransancina ya ƙare, bakina ya zarce da Larabci ban sani ba, ina ba da labarin rediyon Iya da lasifikar mai kasat, ina tafiya gaba da baya a gaban aji. Sai da na gama na tuna dokar ajin, na tsaya ina jiran hukunci. Malam ya taka a hankali har gaban bangon, ya auna da nasa hannun, ya juyo. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar. Ya gaya wa aji cewa da gangan ya zana ƙaramin a bakin allo, yana son ya ga wanda zai yarda da lissafinsa fiye da katako. Ya ce kada wanda ya goge alamar nan, in mai horo ya tambaya a ce shi ya sa. Sannan ya dube ni ya ce shekara mai zuwa in zauna a gaba, ba ya son ɗaga murya. Aji ya ɗauki tafi, ana buga tebur, abokina ya fi kowa, yana gaya wa na kusa da shi cewa shi ya koya mini. Na yi farin ciki iri-iri a rayuwa, na karɓi takardun shaida, na kunna wuta a garuruwan da ba su taɓa ganinta ba, amma ban sake jin abin da na ji ina komawa kujerata da farin alli har gwiwar hannu ba.

Da gudu na isa shago. Baba yana tsaye yana tura dunƙulen sikeli, ana auna kayan Baffa. Na gaya masa an ɗauke ni ajin kimiyya, malam da bakinsa ya faɗa. Bai waiwayo ba. Ya ce madalla, in kama buhun can. Na kama. Daga ranar bai sake tayar da maganar ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya. Baffa yayansa ne, a gidanmu kuma ƙane ba ya mayar da maganar wa, ga shi Baffa ya riga ya gaya wa abokan tafiyarsa cewa bana da yaro zai zo. Murnata ta fara yin sanyi. Na shiga tunanin ko sharaɗin nan Baba ya faɗe shi ne kawai don ya tabbata ba zan ci ba.

Ranar tafiya da sassafe mahaifiyata ta miƙo mini jaka cike da guzuri, dambun nama da soyayyen gari da tulun ruwa, ta ce in bi Baba tasha. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Na saɓa jakar ina bin bayansa. A tasha motar ta riga ta yi lodi har ta fi gida tsawo, mutane sun hau saman kaya sun naɗe fuska da rawani, injin yana rugugi. Baffa yana can sama. Ya sunkuyo ya miƙo hannu.

"Yalla, miƙo jakar, ka taka taya ka hawo."

Na miƙa jakar. Na ɗaga ƙafa zan taka taya, sai na ji hannu ya sauka a kafaɗata ya danne ni ƙasa.

"Yaya, guzurinka ne," in ji Baba, da murya yadda duk na saman motar za su ji. "Ka yi haƙuri, bana ma kai kaɗai za ka. Wannan an ɗauke shi ajin kimiyya. Yana da aiki a nan."

Baffa ya dubi ƙanensa. Sannan ya gyara rawaninsa, ya ce to Allah ya sa albarka, amma in ya dawo yana son ya ga wuta a ɗakinsa. Na sama suka yi dariya, direba ya danna ƙaho, motar ta ja da ƙyar ta fita daga tasha, ni kuma ina tsaye a ƙasa.

Baba mutum ne da tun da na yi wayo bai taɓa riƙe ni a gaban mutane ba. Ranar nan muka juyo ta cikin kasuwa, ta layin masu kanwa, ta layin masu yadi, ba hanyar da ta fi kusa ba. Duk wanda ya gaishe shi sai ya tsaya ya amsa, sannan ya ce wannan ɗana ne, ya ci. Wasu ba su ma san me na ci ba, suna dai sa albarka. Ni hawaye nake yi ina sharewa da hannun riga, ba na ko jin kunya. Har muka isa ƙofar gida bai ɗauke hannunsa daga kafaɗata ba.